Dubiyar Kansila

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam, mijina, ban daɗe da tarewa a Manchester ba. Shi ya jima a ƙasar, karatu ne ya kawo shi ya zarce da aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. Ni kuwa na tsaya a Kano ina koyarwa a firamare, ina jinyar mahaifiyata, sai da Allah ya karɓi abarsa sannan na biyo shi. 'Yarmu ta riga ni zuwa, tana karatu a Birmingham, can wajen Aston. Gidanmu yana wata unguwa a bayan gari, gaba da Old Trafford, inda gidaje ke jere da jan bulo, kowa da ɗan lambunsa da kwandunan shararsa masu launi-launi a bakin ƙofa.

Ƙofar gidan namu a kan tudu take. Daga ita zuwa titi akwai 'yan matakala na siminti, a tsaye suke, kuma babu abin dafawa ko ta gefe ɗaya. In an yi ruwa, wanda a garin nan kusan kullum ne, sai su yi santsi. Da lafiyar Malam ban taɓa tsayawa na dube su ba.

Kafin ciwon, da dubiya aka san Malam. Duk Bahaushen da ya kwanta a asibiti a Manchester, ɗalibi ne ko magidanci, Musulmi ne ko Kirista, sai ya gan shi ya shigo da wani jan filas cike da kunun gyaɗa. Kafin in zo shi yake dama abinsa, da na zo na karɓe shi. Ɗalibai har tsokanarsa suke yi, wai in ka ga jan filas ya nufo gadonka, to ciwon naka ya kai ciwo.

Da za a sallame shi daga asibiti, wata ma'aikaciya ta zauna kusa da gadon da takarda a hannu tana yi masa tambayoyi. Zai iya shiga wanka shi kaɗai? Ya ce lafiya lau. Hawa da sauka fa, akwai matakala a gidan? Ya ce babu damuwa, mun gode Allah. Ina zaune ina jin su, ban ga abin gyara ba, don haka ake amsawa. A wurinmu wannan gaisuwa ce, ko kana kan gargara haka za ka ce. A wurinta amsa ce, kuma ta rubuta ta yadda aka ba ta. Ranar da muka dawo, ɗalibai biyu ne suka cicciɓe shi suka haura da shi cikin gida.

A cikin gida ya samu sauƙi, yana takawa da sanda, maganarsa ta fara warwarewa. Wata Juma'a ya ce yau zai je masallaci. Ya sa farar shaddarsa, wani ɗalibi ya tsaya da mota a bakin titi. Yana ɗora ƙafar hagu a matakalar farko ta zame, ya faɗi zaune, hularsa ta gangara har cikin ruwan kwata. Bai ji ciwo ba. Amma daga ranar bai sake kusantar ƙofar nan ba.

Ya koma zaman bakin taga. Duk Juma'a zai yi wanka ya sa fararen kaya ya shafa turare, ya zauna yana kallon titi har lokaci ya wuce, sannan ya tashi ya yi azahar a ɗaki. Abinci sai na yi da gaske yake ci. In mutane sun zo duba shi sai ya ce in ce barci yake. Na ji tsoro ƙwarai, don a idona mutumin yake ƙarewa, kuma ba ciwon ne ke cin sa ba.

Na ce masa, "Malam, mu nemi council, ƙaramar hukumar garin nan mana, ko za su sa mana wani ƙarfe a matakala."

Ya ce, "Ban zo ƙasar nan roƙo ba."

Ni ma dai ban san ta inda ake farawa ba. Abin da na sani a gida shi ne ƙaramar hukuma sai da hanya. Sai ka san wanda ya san kansila, ka yi sammako ka tsaya a ƙofar gidansa cikin jama'a, in ya fito ya gane fuskarka ka yi sa'a. A nan kuwa ko maƙwabcina na jikin bango ban san sunan mahaifinsa ba.

Akwai wata 'yar jarida ta unguwa da ake zuro mana ta ramin ƙofa lokaci-lokaci. A ciki ake faɗin ranar kwashe kowane kwandon shara, da titin da za a rufe don gyara, da ranar sharar ganyen bishiya, da taron tsofaffi masu saƙa, har da kyanwar wani da ta ɓata. Ni dai malama ce, ba na wuce rubutu, daga bango zuwa bango nake karance ta. Kuma ina da mai sauraro. Hajiya, wata dattijuwa 'yar Zariya, ta zo yi wa 'yarta wankan jego a layin bayanmu. Turancinta bai wuce “sorry” da “thank you” ba, amma son jin labarin gari kamar me. Da hantsi za ta shigo ta zauna a kicin ta ce, "Malama, karanto mana, yau kuma me ya dami mutanen nan?" Ranar labarin kyanwa dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce a garinsu ko akuya ce ta ɓata sai dai a gaya wa mai unguwa.

Wata rana na buɗe shafin ƙarshe sai ga hoton wata baturiya mai farin gashi tana murmushi. A ƙasa an rubuta cewa ita ce kansilar unguwarmu, kuma ana gayyatar kowa ya zo ya gan ta ranar Asabar da safe a wurin “surgery” ɗinta. Wurin da aka ambata na san shi, ginin nan ne da laburare yake gefe ɗaya, asibitin unguwa yake ɗaya gefen, ƙofar shigarsu ɗaya. Shekara da shekaru ina koyar da Turanci, na san ma'anar kalmar sarai. Na ce, "Hajiya, tiyata za a yi wa kansilarmu."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Baiwar Allah! Ba ta da dangi ne, har sai ta buga a jarida a zo a duba ta?"

Abin ya taɓa min zuciya, don na ga yadda tsofaffi suke zama su kaɗai a layinmu, sati guda babu mai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Amma ba zan ɓoye ba, wani tunanin ma ya gifta min, kuma Hajiya ta riga ni furta shi. Ta ce, "Mu je mu duba ta don Allah. In kin gaishe ta tana kwance, gobe in kin je da maganar matakala ba za ta ce ba ta san fuskarki ba. Amma ranar kada ki kuskura ki ɗauko zancen. Ba a kai wa mara lafiya kuka."

Ranar Asabar na tashi na dama kunun gyaɗa, Hajiya ta yi farfesun kaza ta zuba a kula. Na ce wa Malam za mu je dubiya, zan ari filas ɗinsa. Ya ɗaga kai ya dubi saman kabad inda yake ajiye tun kafin ciwon.

"Wa ba shi da lafiya?"

"Wata mata ce a nan unguwar."

"Ki fara ɗauraye shi da tafasasshen ruwa, kunun ya fi daɗewa da zafi," in ji shi. Har na kai ƙofa ya sake kira na. "Kada ku daɗe. Kuma kada ku tambaye ta me ke damun ta, in tana so za ta faɗa." Rabon da in ji ya ba da umarni a kan wani abu har na manta.

Muka shiga ginin, na nuna wa matar da ke kan tebur hoton. Maimakon ta nuna mana ɓangaren asibiti sai ta nuna cikin laburare. Muka ratsa kantocin littattafai, ina ta jiran in ji warin magani ban ji ba. A ƙarshen zauren akwai kujeru a jere, mutane na zaune. Wani dattijo yana nuna wa na kusa da shi hoton ramin titi a wayarsa, wata mata ta haɗe rai ta rungume takardu.

Hajiya ta raɗa min, "Ashe tana da jama'a. Amma dubi, ko lemo babu wanda ya riƙo."

Da layi ya zo kanmu aka buɗe mana ƙofar wani ɗan ɗaki. Ga kansila zaune a bayan tebur cikin rigar sanyi, kumatunta jajir, da kofin shayi a gabanta. Ta miƙe tsaye da ƙarfinta ta ba mu hannu. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa ta ce min, "Ba a shiga da ita ba tukuna."

Na ajiye filas da kula a kan tebur, na sassauta murya yadda ake yi a gaban mara lafiya, na ce, "Sorry, madam. How is the body?"

Matar ta dubi jikinta, ta dubi kula, ta dube ni. Ta ce jikinta ƙalau, ta gode, ko akwai abin da za ta taimaka mana da shi? Na ce a'a, mu dai mun ga sanarwar tiyatar ne muka zo mu yi mata sannu, Allah ya sa a yi a sa'a. Sai ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suka fara rawa.

Da ta samu numfashi ta yi min bayani a hankali. A ƙasar nan, in kansila ya ware lokaci ya zauna don jama'a su kawo masa damuwarsu, shi ma wannan zaman “surgery” ake ce masa, kamar yadda likita ke zama a ɗakinsa marasa lafiya suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Babu wuƙa, babu allura. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake jan kunnen yara a kan ma'anar kalma, ga ni tsaye da farfesu a gaban mace mai lafiya.

Na fassara wa Hajiya. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "To alhamdulillahi, ai dama lafiyar muke roƙa mata. Ce mata ta sha kunun, ba ya komawa gida."

Kansila ta shanye sauran shayinta, ta miƙo kofin na zuba mata. Ta kurɓa, ta sake kurɓa. Dariyar ta tsaya, na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce tun da ta fara zama a kan teburin nan ana kawo mata ramin titi, da sharar da ba a kwashe ba, da fitilar da ta mutu, wasu da faɗa suke shigowa, kuma aikinta ne ta saurara. Amma ba a taɓa samun wanda ya shigo don ya tambaye ta ya jikinta ba. Sannan ta ajiye kofin ta ce tunda mun zo, mu ma mu faɗa mata, ya muke, ya gida?

Na ce lafiya lau, mun gode Allah.

Hajiya ta tambaye ni me ta ce, me na ce. Da na gaya mata sai na ji mintsini a cinyata. "Ke, tunda ƙalau take ai dokar ta faɗi. Buɗe baki ki gaya mata!"

Na fara da matakala, na ƙare da fararen kayan Juma'a, kuma kafin in kai ƙarshe kuka nake yi sosai a gaban matar da ban taɓa gani ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ita ba ta da ikon kafa ƙarfe, kuma ba za ta yi min alkawarin rana ba. Amma akwai sashen council da aikinsu ke nan, su je gidan wanda jikinsa ya raunana su ga abin da zai sauƙaƙa masa. Kowa yana iya kiran su, ba sai ya san kowa ba, ko ita ba sai an biyo ta kanta ba. Ta rubuta min lambarsu, ta ce sai dai dole mijina ya amince da bakinsa. Ta ƙara da abu ɗaya da har yau nake gaya wa duk sabon zuwa: in sun zo sun tambaye shi, ya ba su labarin ranar da jikin ya fi tsanani, kada ya ba su na ranar da ya ji daɗi.

Da yamma na kira 'yarmu a Birmingham. Ta ce, "Umma, please ki ce min wasa kike. Kin kai wa councillor pepper soup? A library?" Ta yi ta dariya har na ji haushi na ce ai da tana karanta min jaridar da ba a yi haka ba.

Malam ya ji mu, ya ce me ya faru. Na zauna na kwashe labarin kaf na gaya masa. Da na zo kan “ba a shiga da ita ba tukuna” sai ya fashe da dariya, bakin ya karkace gefe ɗaya, hawaye na zuba, yana buga sanda a ƙasa. Tun kafin asibiti rabona da wannan dariyar. Na bari ya gama, sannan na ajiye masa lambar a gabansa.

Na ce, "Wannan ba roƙo ba ne. Harajin council da kake biya duk wata tun ina Kano, na mene ne? Kuma wadda ta sha kununka ce ta ce a kira."

Ya juya takardar a hannunsa. "Ta shanye?"

"Har ta ƙara."

"To, su zo su gani," in ji shi.

Wadda ta zo daga council matashiya ce, da jaka a baya da abin awo a aljihu. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba. Ta zauna ta tambaye shi yaya yake fama da matakalar waje. Na ga bakinsa ya fara haɗa amsar da ya saba, na yi gyaran murya. Ya harare ni. Ya daɗe yana kallon sandarsa, sannan ya ce mata da Turanci, a hankali, shi tsoron matakalar nan yake ji, ya faɗi a kanta sau ɗaya kuma tun ranar bai taka titi ba. A zamanmu duka ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Yarinyar ba ta yi masa fuskar tausayi ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce to, ya matse mata hannu ta ji ƙarfin hannun damansa, ta fita cikin yayyafi ta yi awonta.

An ɗauki makonni, na yi mita, na kira na sake kira, kullum a ce muna kan layi. Rannan da safe sai ga mutum biyu da farar mota. Suka huda siminti, suka kafa ƙarfen riƙewa ta gefe biyu, suka manna wani abu mai kaushi a bakin kowace matakala don kada ƙafa ta zame. Na kawo musu ƙosai da shayi, suka cinye tas suka tambayi sunansa. Daga nan Malam ya fara koyon sauka, yau kaɗan gobe kaɗan, ina gabansa ina ja da baya. Juma'ar da ya koma masallaci, a bayan labule na tsaya ina kallo har motar ta sha kwana, don ya hana ni fitowa.

Hajiya ta koma Zariya kafin a kafa ƙarfen. Na tura mata hotonsa, ta aiko da saƙon murya tana cewa ladan farfesunta ne, kada kunu ya cinye shi shi kaɗai.

Sanyi ya wuce, ya sake dawowa. Wata safiya jaridar unguwa ta faɗo ta ramin ƙofa, na buɗe shafin ƙarshe sai na ga hoton wani mutum a gurbin nata. An rubuta cewa shi zai riƙe zaman Asabar na ɗan lokaci, saboda kansilarmu tana murmurewa daga aikin da aka yi mata a asibiti. Wannan karon ban yarda da kaina ba, na ɗauki hoton shafin na tura Birmingham. Amsa ta dawo babu dariya: "Umma, wannan da gaske ne."

Na je laburare na tambayi matar kan tebur inda za a same ta. Ta ce ba sa ba da adireshin kowa, sai dai in bar kati. Na bar katin, na ce a gaya mata daga masu jan filas ne. Bayan kwana biyu waya ta yi ƙara, wata murya ta ce ita 'yar'uwar kansila ce, an sallamo ta tana gida, kuma ta ce in masu filas suna son zuwa, ƙofa a buɗe take.

Ranar da za mu je na tashi zan shiga kicin na tarar Malam ya riga ni. Yana tsaye jingine da kanta, yana dama kunu da hannunsa mai lafiya, filas na gefe yana tururi, ya riga ya ɗauraye shi. Ya sa fararen kaya alhali ba Juma'a ba ce. Da tasi ta tsaya na miƙa hannu zan ɗauki filas, ya ce in bari. Ya saka shi a jaka ya rataya a wuya, ya ba ni sandar in riƙe masa, ya kama ƙarfen.

Ana yayyafi. Ya sauka a hankali, filas yana bugun ƙirjinsa, ni ina sama na kasa ko motsi. Da ƙafarsa ta taɓa titi ya juyo ya gan ni tsaye ina share ido da bakin mayafi.

Ya ce, "Me kike jira? Kunun zai huce. Kuma in mun je, ba a daɗewa."